Bangon Hannun Hagu

Haldoja, Istoniya
9 ga Maris, 1958

Kawu Endel,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kuma sanyin Sibiriya bai taɓa maka ƙirji ba. Na san ba za ka gane rubutun ba. Ni ce Helmi, 'yar Leena, jikar Miili ƙanwar mahaifinka. Ina da shekara goma sha tara lokacin da aka kwashe ku a taragon shanu. Yanzu ina da miji, Aksel, direban tarakta ne a gandun gwamnati na nan garin, ni kuma ina tatsar shanu. Muna da 'ya ɗaya, Maie, bana za ta shiga makaranta. Duk muna lafiya, sai tarin da ba ya barin kowa a wannan watan.

Wata tsohuwa da ta dawo daga can bara ce ta ba ni adireshinka. Ita ce kuma ta faɗa mini matarka, Inna Salme, ta rasu tun shekara shida da suka wuce. Allah Ya ba ka haƙuri, Kawu. Ba mu ji ba sai yanzu.

Ga abin da ya sa na rubuto. A watan jiya dusar ƙanƙara ta danne rufin ɗakin shanun gandu, shanu goma sha ɗaya suka mutu kafin a tono su. Shugaban gandu, Leppik, ya ce dole a gina sabo kafin sanyi mai zuwa. An nemi bulo daga gunduma, an ce babu. Sai ya tara mu, ya nuna tudu ta taga, ya ce, "Ga bulo can a tsaye, hankaki na kashi a kai. Bishop ya sha gumin kakanninmu, yanzu shanun jama'a su sha nasa." Aka yi dariya. Sai ya ce Aksel ne zai jagoranci masu ɗebo dutse daga kangon tsohuwar fadar bishop da ke kan tudun.

Aksel ya ce, "Shugaba, ni tuƙi na iya, ban iya rusau ba."

Leppik ya ce, "Rusau har sai an koya? Ka ɗaura, ka ja."

Kawu, kowa a garin nan ya san babu wanda ya san ginin nan kamarka. Mama takan ce ka yi rani uku kana aiki da malaman jami'a a can, kuna awo kuna tokare bango, har ana tsokanarka wai fadar ce matarka ta fari. Shekaran jiya na hau tudun na tsaya a tsakar kangon, na ɗaga kai na duba. Bangon ya yi tsayin bishiyar da ta fi kowace tsayi a dajinmu, ga tsagu ko'ina. Ba ni da ikon hana aikin. Abin da nake roƙo kawai, ka faɗa mini inda za a taɓa ba tare da ya rufto wa mutane ba.

Na san abin zai yi maka ciwo. Ka yi haƙuri.

Taka,
Helmi

*

Haldoja
27 ga Afrilu, 1958

Kawu Endel,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. Ƙanƙarar rafi ta narke, hanya duk taɓo.

Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Na tambayi mai kawo wasiƙu har ta fara kauce mini. Ta ce takarda zuwa can ba ta wuce kwana goma sha shida.

Idan fushi kake yi da mu, da gaskiyarka. Shekara tara babu wanda ya rubuto maka daga gidanmu. Tsoro ne, amma na san tsoro ba ya wanke mu. Kuma zan faɗa maka da bakina kafin ka ji a wani wuri: kwana biyu bayan tafiyarku, Baba ya shiga gidanka ya ɗauko kabad ɗin Inna Salme da agogon bango. Ya ce ajiya zai yi muku. Baba ya rasu, kabad ɗin yana ɗakina, kayan Maie ne a ciki. Ranar da ka ce a mayar, zan mayar.

Amma Aksel bai ɗauki komai naka ba. Ba ma ɗan garin nan ba ne. Sun gama kwashe duwatsun da suka zube a ƙasa, ko harsashin ɗakin shanun ba su cika ba. Leppik ya ce da an gama shukar dankali sai a shiga bango. Jiya Aksel ya ce mini, "Bar tsohon nan, Helmi. Wanda aka yi wa abin da aka yi masa, ina ruwansa da wanda bango zai danne?" Na ce ba haka kake ba. To amma ni ma ban san yadda kake ba yanzu.

Ko layi biyu ne ka rubuto.

Helmi

*

Kansk
12 ga Mayu, 1958

'Yata Helmi,

Na gaishe ki, na gaida maigidanki da 'yar ƙaramarku. Na tuna ki sarai. Ke ce mai zuwa karɓar aron littafi ki mayar da shi da tabon man shanu.

Ba fushi ya hana ni ba, ko in ce ba shi kaɗai ba. Takardarki ta farko ta kwana bakwai a aljihuna ban amsa ba, wannan fushi ne. Daga nan ciwon huhu ya kayar da ni a wurin aiki, gini muke yi a wata masaƙa, na yi sama da wata guda a asibiti. Da na fito na tarar da ta biyu. Yanzu da sauƙi, sai dai hannuna na rawa, kin ga yadda rubutun yake. Kabad ɗin ki riƙe. Salme za ta so kayan yarinya su kasance a ciki.

Kafin in ba ki amsa, ki bar ni in yi surutun tsofaffi. Ina so aƙalla mutum ɗaya ya san abin da za a mayar ɗakin shanu.

Leppik bai yi ƙarya ba, gumin kakanninmu ne. Shekara ɗari shida da suka wuce wani bishop Bajamushe ya sa aka gina ta. Bishop na wancan zamani ba mai wa'azi kaɗai ba ne, sarki ne mai ƙasa da sojoji, yana karɓar hatsi daga kowane gida. Manoma ne suka jawo duwatsun daga gonaki, a kan katakon ja, cikin sanyi, saboda a lokacin ne fadama ke daskarewa ta ɗauki nauyi. Jan bulon kuwa a bakin rafi aka gasa shi. Na sha cire bulo in ga shatin yatsun wanda ya kwaɓa shi, sau ɗaya ma na ga sawun kare. To wa ya gina ta ke nan? Bishop bai taɓa ɗaga ko tsakuwa ba.

Kaurin bangon a gindi taku uku ne. Duwatsun gona a ƙasa, bulo a sama, an haɗa da farar ƙasa da aka jiƙa a rami shekara da shekaru. A bene akwai ɗakin sujada, rufinsa na bulo ne a lanƙwashe, baka huɗu, irin bakan gizo na soro, sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a dutse ɗaya da aka sassaƙa ɗan rago a jikinsa. Rabin rufin nan na tsaye har ranar da na tafi. Irin wannan rufi ba zaune yake ba, Helmi, turawa yake yi. Shekara ɗari shida yana tura bango, bango na tura shi. Akwai kuma hasumiya a jikin fadar, albarushi ake ajiyewa a samanta, fursunoni a ƙasanta. Bayan bishop-bishop ɗin fadar ta yi ta sauya hannu, Rashawa, 'yan Polan, 'yan Suwidin, har a wani yaƙi shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce aka tashe ta da albarushi, aka bar mana abin da kike gani.

Ga amsarki. Idan aka shiga ta ƙofa, bangon da ke hannun hagu ba na asali ba ne. Sojojin Polan ne suka ƙara shi a gurguje don dawakinsu. Bangon banza ne, ba ya ɗauke da komai, kuma dutsensa zai isa ɗakin shanu biyu. Shi za a ja. Na hannun dama kuwa kada kowa ya cire ko bulo ɗaya, duk nauyin ginin a kansa yake. Na so in yi miki zane, hannun ya ƙi.

Wani labari kuma. Na shigar da takardar neman izinin komawa gida. An ce ana ba wasu yanzu, in dai babu wani sabon abu a fayil ɗinsu. Kada ki faɗa wa kowa tukuna.

Kawunki,
Endel Kuusk

*

Haldoja
2 ga Yuni, 1958

Kawu,

Sannu da jiki, sannu. Na ji kunyar takardata ta biyu. Ina can ina zarginka, kai kuwa kana kwance. Allah Ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya, Maie ta zubar da haƙori biyu tana ta nuna wa kowa giɓin.

Na karanta wa Aksel takardarka a wurin cin abinci, har miyarsa ta huce. Da na zo wurin sawun kare ya ce, "Kai, ashe karen bishop ma an sa shi aikin gayya." Da na kai ƙarshe ya ce, "Tsohon nan mutum ne. Na janye maganata."

Ranar Lahadi muka hau tudun mu uku. Muka shiga ta ƙofa daga bakin hanya, muka duba hagu, ga bangon nan, mai dogayen tagogi uku, wanda wata 'yar bishiya ta tsiro a kansa. Aksel ya ce tagogin ma za su taimaka, ta nan za a zura igiyar ƙarfe. Ya faɗa wa Leppik cewa wanda ya san ginin ne ya nuna. Bai ambaci suna ba, amma ka san garinmu. Za su fara ranar Litinin, sha shida ga wata, don a gama kafin yankan ciyawa.

Yanzu ina barci, Kawu. Kai ne sanadi.

Na aika maka ƙunshi: safa biyu na ulu, busasshen tuffa, naman alade mai gishiri, da baƙin burodin da na busar don kada ya yi funfuna a hanya. Idan izininka ya fito, ɗakinmu ƙarami ne amma akwai wurin gado ɗaya a bayan murhu. Aksel ne ya ce in rubuta haka, ba ni ba.

Taka,
Helmi

*

TANGARAHO
Kansk, 18 ga Yuni

HELMI A TSAYAR DA AIKI. BA WANNAN BANGON BA. KADA A TAƁA MAI TAGOGI UKU. A FITAR DA KOWA. TAKARDA NA TAFE. ENDEL

*

Kansk
18 ga Yuni, 1958

Helmi,

Ina fatan kuna lafiya, ban taɓa fatan wani abu kamar yadda nake fatan wannan ba.

Yau da rana takardarki ta zo. Ina tsaye a bakin ofis na karanta, da na kai kan tagogi uku na gane abin da na yi. Na je gidan waya a guje, yadda mai huhu irin nawa ke gudu.

Abin da kuke shiga ta nan daga bakin hanya ba ƙofa ba ce. Giɓi ne, wurin da albarushi ya fasa bango. Ƙofar fadar tana ɗaya gefen, tana kallon rafi, inda dā akwai gadar katako da ake ɗagawa da sarƙa. An toshe ta da dutse tun da daɗewa, sai bakan samanta kawai ake gani cikin ƙaya. Mu da muka yi awo, in mun ce ƙofa ita muke nufi, haka yake a duk zanenmu. Wanda ya shigo ta rafi, hagunsa shi ne daman wanda ya shigo ta hanya. Bangon mai tagogi uku shi ne na ɗakin sujada. Shi rufin yake turawa, kuma shi ke tokare da hasumiya.

A garin nan aka haife ni. Na san kowa ƙofa yake ce wa giɓin nan, ni ma haka nake cewa ina yaro. Ban san yadda na manta ba. Da na ce arewa da kudu, ko na ce mai tagogi da marar tagogi, da shi ke nan. Na ɓata shafi biyu a kan bishop da karensa, maganar da ke da rai a cikinta na ba ta layi uku.

Yau Laraba. Kin ce Litinin. Ina ta gaya wa kaina wataƙila an yi ruwa, wataƙila tarakta ta lalace kamar yadda suka saba, wataƙila Leppik ya tura su wani aikin.

Ki buga mini waya, kalma ɗaya ta isa.

Endel

*

Haldoja
20 ga Yuli, 1958

Kawu Endel,

Ina gaishe ka. Ni da Maie muna nan da rai.

Wayoyinka uku sun zo, da takardu biyu. Wayar farko, ta tangaraho, ta iso ranar Juma'a, ashirin ga Yuni, muna dawowa daga maƙabarta. Mai kawo wasiƙu ta tsaya a bakin shinge da ita a hannu, ta rasa yadda za ta yi. Na karɓa na karanta a nan tsaye.

Aksel ya mutu ranar Talata, sha bakwai ga wata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Zan faɗa maka yadda aka yi, sau ɗaya, kada ka sake tambayata. Ranar Litinin su shida suka wuni suna ɓamɓarar gindin bangon da sandunan ƙarfe. Da ya dawo hannuwansa duk sun fashe. Ya ce, "Helmi, kawun nan naki ya ce bangon banza ne, amma kwaɓin nan ya fi ƙarfe tauri. Anya kuwa?" Na ce, "Kai direban tarakta, ka fi wanda ya yi rani uku a wurin sani?" Ya yi dariya ya ce, "To, uwar gida, na bi." Wannan nawa ne, ba naka ba. Ina so ka sani akwai nawa a ciki.

Ranar Talata suka zura igiya ta tagar tsakiya. Aksel ya ja da tarakta sau biyu, bangon ya yi ƙara amma bai zo ba, igiyar ta zame. Ya sauko ya ce wa sauran su matsa, shi da Ruudi maƙeri suka je gyara ɗaurin. Waɗanda suka gani sun ce ba bangon ne ya fara motsi ba, rufin da ke bayansa ne ya sauko ya turo shi waje gaba ɗaya. Ina wurin tatsa na ji kamar tsawa, shanu suka firgita, madara ta zube. Sai da yamma aka kai gare shi. Ruudi yana da rai, an yanke masa ƙafar dama.

Ban bari Maie ta gan shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na iya ɗaukar alƙalami. Mai bincike ya zo daga gunduma. Ashe kangon yana cikin jerin gine-ginen da doka ta hana taɓawa, Leppik bai nemi izinin kowa ba. Yanzu yana neman wanda zai ɗora wa. Ya faɗa wa mai binciken cewa duwatsun ƙasa kawai ya ce a kwashe, Aksel ne ya yi gaban kansa, kuma wai ana jin warin barasa a jikinsa da safe. Aksel da ko a bikin aurenmu kofi ɗaya ya sha. Mutum huɗun da ke wurin sun sunkuyar da kai, kowa na da iyali.

Sannan Leppik ya zo gidana, ya cire hula, ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya ce, "Helmi, ni ba na son sunan mijinki ya ɓaci. An ce akwai wata takarda daga Sibiriya. Wanda gwamnati ta kora, ya aiko da umarni, bango ya kashe ma'aikacin gandu. Kin ga wannan ba haɗari ba ne, zagon ƙasa ne. Ki kawo ta, Aksel ya fita fes, ke kuma ki zauna a gidanki."

Gidan na gandu ne, na direban tarakta ne.

Na ce, "Wace takarda?"

Ya ce, "Ki tuna a hankali. Mai binciken zai dawo tsakiyar Agusta."

Tana nan cikin buhun gari. Na fito da ita jiya na sake karanta layin nan, hannun hagu, har ya daina yi mini kama da rubutu. Ban san abin da zan yi ba. Ba shawara nake nema ba. Na ga dai bai kamata ka ji daga bakin 'yan sanda ba.

Wannan takardar ta hannun wani mai tafiya birni na bayar, a can zai jefa ta.

Helmi

*

Kansk
7 ga Agusta, 1958

Helmi,

Ina gaishe ki da Maie. Ban san kalmar ta'aziyyar da wanda ya yi sanadi zai faɗa ba, don haka ba zan ƙaga ba. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi kuwa ya ba ni wurin gado a bayan murhunsa.

Kin ce ba shawara kike nema ba, amma ki ji. Ki ba su takardar. Rubutuna ne, sunana ne a ƙasa, kuskurena ne. Zagon ƙasa ƙarya ne, amma barasar ma ƙarya ce, in dole sai ɗaya ta zauna to gara ta zauna a kaina. Shekarata sittin da uku, huhuna ɗaya da rabi. Na san inda za su kai ni, na taɓa zuwa, ba abin da zai ba ni mamaki. Maie kuwa shekara sittin za ta yi tana amsa sunan ubanta a garin nan. Abin da kika faɗa masa ranar Litinin kuma, kin faɗa ne don kin yarda da ni. Ki mayar mini da shi, nawa ne.

Sai magana ta biyu, kuma wannan karon zan faɗe ta yadda ba za a juya ta ba. Hasumiyar, dogon ginin nan mai zagaye, yanzu babu abin da ke tokare da ita ta gefen kudu. Ruwan kaka zai shiga tsagun, sanyi ya daskarar da shi, ya buɗa su. Za ta faɗi, bana ko baɗi, kuma ta gefen hanyar mota za ta faɗi, hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Ki faɗa wa malamar makaranta, ki faɗa wa mai binciken, ki ce ni na ce in ya zama dole. Maie ta riƙa bi ta bakin rafi ko da ya fi nisa.

Ƙunshinki ya iso. Ban iya buɗe shi ba tukuna.

Endel

*

Haldoja
14 ga Satumba, 1958

Kawu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Maie ta fara makaranta, ta bakin rafi take bi.

Takardarka ta zo a makare, kamar yadda muka saba ni da kai. Ranar da mai binciken zai dawo, da safe, na ɗora tukunya, na fito da waccan daga buhun gari na sa a murhu. Ban yi don na yafe ba. Ban yafe ba, Kawu, ban san ko zan iya ba. Na tsaya ne na ga Leppik zai fita da hannu wankakke ko ta wace hanya, abin da ya rage kawai shi ne ko za a ƙara masa da mutum ɗaya. Na ƙi ba shi. Da takardarka ta riga zuwa, wataƙila da na bi maganarka. Ban sani ba.

Mai binciken ya tambaye ni sau uku. Na ce kawuna yakan rubuto gaisuwa, ni kuma ina kunna wuta da takardun. Ya dube ni ya daɗe, ya rufe fayil. An rubuta cewa marigayin ya yi aiki ba da umarni ba, cikin maye. Ruudi ne kaɗai ya ƙi sa hannu. Daga gadon asibiti ya ce musu, "Ƙafa kuka yanke mini, ba ido ba." Ba a rubuta nasa ba. An ja wa Leppik kunne, yana nan a kujerarsa.

Gidan an ba sabon direba. Muna ɗaki ɗaya a bayan wurin tace madara. Kabad ɗin ya shiga da ƙyar.

Maganar hasumiya na faɗa. Malamar makaranta ta rubuta wa gunduma, aka turo mutum biyu suka duba, suka ce gyara ba zai yiwu ba. Sojoji za su zo wata mai zuwa su tashe ta da nakiya. Na san ba haka ka so ba.

Ɗakin shanun ya kai rufi. Da duwatsun da suka zubo aka gina shi, tunda sun riga sun zubo. Dutsen nan mai ɗan rago yana jikin bangon gabas, a kife, daidai inda nake zama in tatsi saniya ta huɗu. Kullum da safe. Na roƙi a sauya mini layi, aka ce kowa da nasa.

Abu ɗaya nake so daga gare ka. Kabarin Aksel katako ne kawai a kansa. Leppik ya aiko wai in zaɓi dutse mai kyau daga tudun, gandu zai sa a sassaƙa. Na kori ɗan aiken. Ba na son ko ƙwayar tsakuwa daga wurin nan a kansa. Kai magini ne. In sun ba ka izini, ka zo ka nemo dutsen gona, wanda bai taɓa shiga bangon kowa ba, ka rubuta sunansa da hannunka. Ba zan iya saukar da kai ba, kuma ban yi alkawarin zan iya kallon fuskarka ba. Ruudi ya ce akwai wuri a gidansa.

Helmi

*

Kansk
29 ga Oktoba, 1958

'Yata Helmi,

Ina gaishe ki, ina gaida Maie da Ruudi. Jikina da dama. Dusar ƙanƙara ta sauka a nan tun makon jiya.

Amsar takardata ta fito. An yarda in bar Sibiriya, amma ba a yarda in zauna a gundumarmu ba, ko in kwana a cikinta. Na samu aikin gini a wani gari da ke da nisan awa uku a jirgin ƙasa daga Haldoja. Zan riƙa zuwa ranar Lahadi da jirgin safe in koma da na yamma. Dutse irin wanda kike so, da hannun nan nawa, zai ci Lahadi bakwai ko takwas. A bayan maƙerar Ruudi zan yi aikin, ba sai kin zo ba. Idan na gama shi zai faɗa miki.

Ban tambayi labarin hasumiya ba, kada ki faɗa mini. Zan gani daga tagar jirgi.

Ki aiko mini da cikakken sunansa, harafi harafi, da ranar haihuwarsa. Ki rubuta shekarar da lamba, ki sake rubuta ta da kalmomi. Zan kwafa in mayar miki ki duba, kafin in sa ƙarfe a jikin dutsen.

Kawunki,
Endel